Sa Hannun da Ba Nawa Ba

Ku yi haƙuri, kun ji ni shiru kwana biyu. Ba jan aji ba ne, gajiya ce, irin wadda ko ka kwanta ba ta sauka. Masu damuna da saƙo suna tambayar ya muka ƙare da Wakili, to ku gyara zama. Waɗanda kuma yau suka fara cin karo da ni, bari in gaya muku ko wace ce ke wannan dogon surutun.

Ni ce autar gidanmu, Auta ma ake kirana, ina shekara ta uku a jami'a ina karanta ilimin sinadarai. Shan inna ya taɓa min ƙafar hagu tun ina shekara biyu, don haka da sanda nake tafiya, da takalmin ƙarfe mai maɗauri uku da ke kaiwa har gwiwa. Sai kun ji ni kafin ku gan ni, sanda ta ce ƙwas, ƙarfe ya ce ƙiii. Wakili kuwa wakilin ajinmu ne, shi ke karɓo takardu daga wajen malamai, shi ke sanar da mu in an ɗaga lakca. Wata bakwai kenan yana zuwa gidanmu duk ƙarshen mako, ya zauna a farar kujerar robar da ke ƙofar falo, Umma ta aiko masa da shayi a kofin baƙi. Amma a wayata har yau "Wakilin Aji" na ajiye lambarsa. Kar ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba.

Matsalar daga ranar Talata ta faro. Duk Talata ƙarfe goma daidai muke fitowa daga ɗakin gwaji, kuma ƙarfe goman nan dai ake fara lakcar wani malami a hawa na uku na wani ginin dabam. Wanda ya tsara jadawalin, Allah ya ba shi lafiya, ina jin tsuntsaye ya zaci ana koyarwa. Akwai lif a ginin, amma tun ranar da na shigo makarantar takardar "ana gyara" ke manne a jikinsa, har ta tsufa ta yage aka sake sabuwa. Saura matakala, guda sittin da huɗu. Na ƙirga su har na fi sanin su a kan 'yan ajinmu.

Shi malamin, Minti Goma muke kiransa a bayan idonsa. Da ya shigo zai ba wakili takardar sa hannu ta zaga, minti goma na cika ya karɓa, ya ninke ta gida huɗu ya soka a aljihun gaban riga. Wanda ya zo bayan nan ko a gaban hancinsa ya zauna, a wajensa bai zo ba. Wanda kuma zuwansa bai kai kashi saba'in da biyar cikin ɗari ba, babu shi babu jarabawa. 'Yan ajinmu da gudu suke yi, maza su naɗe ƙafar wando, mata su tattare mayafi, su isa a minti shida suna haki. Ni a ranar da ƙafar ta tashi da ladabi minti ashirin da uku nake yi.

Talatar farko na isa takarda ta riga ta shige aljihu. Na zauna a ƙarshen benci na bakin ƙofa, inda zan iya miƙe ƙafa ban tare wa kowa hanya ba. Da aka tashi na ɗauki sanda zan bi Malam in yi masa bayani, Wakili ya sha gabana.

"Ina zuwa, Ta Bakin Ƙofa?" Sunan da ya laƙaba min kenan.

"Wajen Malam. In ba haka ba zan rasa kwas ɗin nan."

"Haba, ina raye? Ai aikina ne. Bar min."

Washegari da safe saƙonsa ya shigo: "An gama. Ki dinga tahowa a nutse, kar ki faɗi." Har da fure ya saka a ƙarshe. Ni kuma sokuwa na yi ta kallon furen ina murmushi, har Umma ta ce ko na ci jarabawa ne. Haka na yi Talata goma sha ɗaya ina hawa a nutse, ina shiga in gaida Malam da kai, shi kuma ya bi ni da wani kallo ta saman tabarau. Na ɗauka kallon tausayi ne.

A tsakiyar zangon aka kafa wani kwamiti na haɗa kan ɗalibai da yaƙi da wariya. Suka neme ni har aji, da fara'arsu, suka ce hotona suke so. Aka kai ni gaban ginin shugabanni, inda hanyar keken guragu ɗaya tilo ta makarantar take, mai hoton ya ce, "Ɗan turo sandar gaba, a gan ta sosai." Na turo. Bayan sati fosta ta fito, ni ce a tsakiya cikin doguwar riga ruwan toka ina washe haƙora, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: JAMI'A GIDAN KOWA CE. Ɗaya daga cikin fostocin a kwanar bene na biyu aka manna ta, daidai inda nake tsayawa in mayar da numfashi. Don haka duk Talata a ƙarƙashin murmushina nake haki.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce, saura kwana tara jarabawa, ina ɗakin karatu ƙawata ta kira. Rediyo muke ce mata, don in ta kama magana sai dai batir ya mutu. Amma ranar kalma huɗu ta yi.

"Taho allon sanarwa yanzu."

Na tarar da cincirindo. Suna ganina suka dare, wanda ba su saba yi ba, nan na san ba lafiya. Jerin sunayen waɗanda za su zauna jarabawar Malam ne, mutum tamanin da shida. Nawa an ja masa layi da jan biro, a gefe an rubuta: "Ba za ta zauna ba. Ta same ni a ofis." Kwas ɗin nan shi ne ƙofar shekarar ƙarshe, in ka rasa shi sai ka maimaita shekara sukutum. Wata shekarar ta tashin asuba, da bas biyu, da matakala sittin da huɗu.

Ofishin Malam a ƙasa yake, taku goma daga ƙofar shiga. Na yi sallama, bai ce in zauna ba, na zauna don kaina. Ya buɗe durowa ya zaro takardu goma sha ɗaya, duk da alamar ninki huɗu, ya jera su a tebur.

"Wannan sa hannunki ne?"

Na leƙa. A gaban sunana, a kowace takarda, akwai wani sa hannu mai kyau, a kwance, da 'yar jela a ƙarshe. Ni sa hannuna kamar kaza ta yi tono yake. Amma jelar nan na san ta, ita ce a ƙasan duk 'yar wasiƙar da na taɓa tsinta a cikin littafina.

"A'a, Malam."

"Na sani. Da idona nake ganin shigowarki bayan takarda ta shiga aljihuna. Sau goma sha ɗaya. Ko aljihun nawa kike shiga ki sa hannu?"

"Malam, ce min aka yi an yi maka magana."

"Wa ya ce?"

Na ƙi faɗin sunan. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Matsalar irinku kenan. An saba tausaya muku, sai ku ɗauka doka ba ta hau kanku ba. Gobe ce lakcata ta ƙarshe. Ko in ji sunan wanda ya yi daga nan zuwa goben, ko ki ɗauki laifin ke kaɗai."

Irinku. Na sha jin kalmar nan a bas, a asibiti, a gidan biki, har na zaci ta daina yi min zafi. Ashe ƙarya nake yi wa kaina.

Na samu Wakili a bencin siminti na bayan sashenmu, ƙarƙashin bishiyar da masu soyayya da masu bitar jarabawa ke rabawa. Ya riga ya ji. Farar rigarsa da kullum take a goge ta jiƙe a hammata, yana ta juya waya a hannu.

"Ka ce min an gama."

"Wallahi na je. Har ƙofar ofishinsa na je, na ji yana zazzaga wa wani masifa a kan takardar nan, sai na kasa shiga. Na ce bari in sa miki na sati ɗaya kafin ya huce. Daga nan kuma..."

"Daga nan sati ɗaya ya haihu."

"Don ke na yi. Ba na son ki je ya wulaƙanta ki."

"To yau ya karrama ni."

Ya sunkuyar da kai. Ni kaina na san ba mugunta ba ce, garin gyaran gira ne ya tsone min ido. Kuma na san abin da ke jiransa in ya amsa laifin, dakatarwa ce ta zango guda aƙalla, wakilcin ma ya tafi. Shi ne na biyu a ajinmu, mahaifiyarsa har ta fara kiransa Dakta. Da ya ce min tsoro yake ji, da na fahimta. Amma ba haka ya ce ba.

"Ki saurare ni. Ki koma da takardar asibiti. Ki yi masa kuka, ki nuna masa ƙafar in ta kama. Ke ba abin da za su iya yi miki, fuskarki ce fa a fosta. Bari ma in nuna miki lambar shugabar kwamitin."

Ya buɗe waya yana lalube, sai ya faɗa cikin hirarsa da mahaifiyarsa. Ban yi niyyar leƙe ba, idona ne ya sauka. Hotona ne na fostar nan, doguwar riga ruwan toka, murmushin nan, amma an yanke shi daga kafaɗa. A ƙasa ta rubuta: "Tubarkalla, kyakkyawa. Yaushe za ka kawo min ita?"

"Ba ta sani ba?"

"Ina jiran lokacin da ya dace ne."

"Wata bakwai?"

Na ɗauki sandata na kama hanyar tasha. Ko fushin kirki ban iya yi ba, gajiya ta riga shi zama. Kwamiti sandar suke so a gani, shi kuma fuskar, ni da ke ɗauke da su duka biyun ba wanda ya tambaye ni.

Na iso gida bayan la'asar na tarar da takalmin Gwaggo a ƙofar falo, na ce a raina ana wata ga wata. Gwaggo yayar marigayi Babanmu ce, tun rasuwarsa ta naɗa kanta mai kula da aurena. Tana zaune a doguwar kujera ta baje mayafi mai duwatsu, ƙamshin turarenta ya danne na man keken ɗinkin Umma. Umma tela ce, kekenta a lungun falo yake kusa da taga, ranar tana kan haɗa hannun wata rigar makaranta. Kallo ɗaya ta yi min ta ɗage ƙafa daga feda. Ban iya ɓoye mata komai ba, na zauna a tabarma na kwance maɗaurin takalmi na zayyane musu duka, ban da maganar hoton.

Gwaggo ta tafa hannu.

"Yo shi ne kika shigo kamar an yi mutuwa? Yaro ya yi miki gata, sai ki tona masa asiri? Ke 'yar nan, ki ce ke kika sa wata ƙawarki, a wuce wurin."

"Gwaggo, shekara fa zan maimaita."

"Shekara ɗaya a cikin shekaru! Takarda guduwa za ta yi? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Tsakani da Allah, kafin shi wa ya taɓa tako ƙofar gidan nan dominki? Yaro lafiyayye, ƙafa biyu, ga ilimi, ya ce ya ji ya gani. Ki riƙe shi hannu bibbiyu, ba kullum ake samun mai rufe ido ba."

Mai rufe ido. Kun ji fa. Wato ni wani abu ce da sai an runtse ido ake haɗiyewa. Na dubi Umma ko za ta ce wani abu, ta mayar da kai kan ɗinki. Ba ta taɓa musu da dangin Baba ba, ba kuma ranar za ta fara ba. Gwaggo ta yi ta yi har ta sha shayi kofi biyu, ta tafi da alƙawarin za ta kira gobe ta ji ko na yi hankali.

Bayan fitarta Umma ta sauko tabarma, ta jawo takalmin ƙarfen ta ɗora a cinya. Ta ɗauko 'yar kwalbar man keke tana ɗiga wa mahaɗin gwiwar, tana lanƙwasawa tana miƙewa.

"Kin tuna ina goya ki zuwa firamare?"

"Na tuna."

"Har aji uku. Wata rana muna isa bakin get kika ce in sauke ki. Na ce za ki makara, kika ce gara a dake ki a kan makara da a ce goyo aka kawo. Na tsaya ina kallonki kina jan ƙafa har kika shige, na koma gida ina kuka." Ta goge ƙarfen da ƙyalle. "Tun kina shekara takwas kika hana a ɗauke ki. Ban san yadda aka yi kika bari aka ɗauki sunanki aka riga ki kai shi sama ba."

"Ban sani ba ai, Umma."

"Yanzu kin sani."

Iyakar abin da ta ce kenan, ta koma kan kekenta.

Kafin magariba na buɗe guruf ɗin ajinmu, wanda rabona da rubutu a ciki tun shekarar farko. Na rubuta na goge ya fi sau biyar, daga ƙarshe na tura: "Salam. Ban sa hannu ba, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba. Gobe zan taho daga ɗakin gwaji kamar kullum. Mutum ɗaya kawai nake nema ya riƙe agogo, ya shaida wa Malam minti nawa nake yi."

Aka fara turo hotunan hannu na addu'a, waɗanda ba sa cin kowa komai. Wani da muke kira Dogo, mai zama layin gaba, ya rubuta: "Allah ya kyauta, amma kowa fa da tasa matsalar." Mutum shida suka danna masa alamar yarda, na ƙirga. Sai Rediyo: "Ni ce mai agogo. Wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwa." Na duba jerin waɗanda suka karanta, sunan Wakili na ciki. Bai ce komai ba, a guruf ko a gefe.

Talata na saka baƙar doguwar riga da mayafi ruwan goro, na ɗaure jakata a baya don hannuwana su samu sarari. Ko hoda ban shafa ba. A ɗakin gwaji har kwalba ɗaya na fasa. Goma na bugawa aka yi waje, Wakili a gaba, don aikinsa ne ya riga kowa ya karɓi takarda. Bai waiwayo ba. Wasu kamar goma suka rufa masa baya da gudu.

Rediyo ta ɗaga waya sama ta danna.

"Jama'a, an fara! Minti sifili!"

Muka kama hanya, ita tana shela kamar mai tallan magani. Minti biyu, mun wuce wurin ajiye motoci. Minti biyar, mun kai famfo. Ban waiwaya ba, amma ina jin takun mutane a bayana, ba sa gudu, ba sa wucewa. Na ɗauka kunyar Rediyo suke ji, da mun kai bene za su watse.

A gindin matakala na raɓe jikin bango kamar yadda na saba, don a samu hanya. Rediyo ta riƙo min mayafi.

"Yau ba raɓewa. Tsakiya za ki bi, ke ma kuɗin makaranta kika biya."

Hawan benena ba abin kallo ba ne, shi ya sa nake bari sai kowa ya wuce. Sanda ke fara hawa, sai ƙafar dama, sannan in sa hannu a bayan gwiwa in ɗago ta hagun in ajiye. Kowace matakala haka. A ta biyar na ji wani ya matso zai ratse ta gefena, Dogo ne, littafi a hammata. Ya kai daidai kafaɗata lokacin da nake ɗago ƙafar da hannu. Ya tsaya. Ya dubi hannun, ya dubi saman benen, sai ya koma baya taki ɗaya.

"Kullum haka kike yi?"

"Wani lokacin har da waƙa," na ce, don in ban yi wasa ba kuka zan yi.

Bai yi dariya ba, bai kuma wuce ba. Man Umma ya kashe kukan ƙarfen, don haka ba a jin komai sai ƙwas ɗin sanda da numfashina. Rediyo ta ce minti goma, wani a baya ya ce, "Shi kenan, takarda ta shiga aljihu," amma ba wanda ya motsa. Wata ta fara ƙirga matakalar a hankali, wasu suka kama mata. A kwanar bene na biyu na tsaya hutawa a ƙarƙashin fostata, sai a lokacin na waiwaya. Benen cike yake har ƙasa, kai bayan kai. Mutanen da shekara uku muna aji ɗaya, da yawansu ba su taɓa ce min ko sannu ba.

Wani ya karanta fostar da ƙarfi, ya ce, "Gidan kowa ne, ɗakin ne dai a sama." Aka yi dariya, ni ma na yi, cinyata na zogi.

Da muka isa ƙofar aji Malam na tsaye gaban allo, alli a hannu, mutum goma sha ɗaya a gabansa cikin ɗakin da ke cin ɗari. Wakili na layin farko, idonsa a kan benci. Kan takardar ya leƙo daga aljihun Malam.

"Minti ashirin da uku da daƙiƙa arba'in, ranka ya daɗe," in ji Rediyo, ta juya masa fuskar wayar.

Ya dubi taron da ke bayana.

"Zanga-zanga ce wannan?"

Na gyara tsayuwa a kan sandata.

"A'a, Malam, tafiyata ce. Haka take duk Talata. Yau ne kawai aka rako ni."

Ya daɗe yana kallona, wannan karon ta cikin tabarau. Ya dubi rigata da ta manne da gumi, ya dubi agogonsa. Sannan ya zaro takardar, ya warware ninkin, ya tako har ƙarshen bencin bakin ƙofa ya ajiye ta da biro a kai.

"Ta yau kenan. Kowa ya sa." Ya juyo gare ni. "Goma sha ɗayan baya kuma suna nan. Na ce ina son suna."

Na zauna na ɗauki biron. Na yi alƙawari ba zan faɗa ba, kuma ban ko kalli layin gaba ba. Na nemo sunana na yi tonon kazata a gabansa, karo na farko a kwas ɗin gaba ɗaya. A raina na riga na fara lissafin wata shekarar, yadda zan gaya wa Umma, da irin kallon da sababbin 'yan aji za su yi min.

Sai na ji ƙarar benci.

"Malam, ni ne." Wakili ne ya miƙe. "Ni na sa duka. Ba ta sani ba. Ce mata na yi na yi maka magana, alhali tsoro ya hana ni shiga ofishinka."

Malam ya gyaɗa kai, da alama ba sabon labari ya ji ba.

"Ka same ni ƙarfe biyu. Ke kuma za ki zauna jarabawa." Ya koma gaban allo, har ya ɗaga alli ya sake juyowa. "Da kin zo da bakinki tun farko, da ba a kai nan ba."

Bai janye "irinku" ba, ni ma ban sa rai ba. Na so in ji daɗi, wallahi na so, amma abin da na ji kawai shi ne ƙafata na bugawa da son in kwanta.

Saukowa ta fi hawa wuya, don haka na bari aka watse. Dogo ya tsaya ya ce zai rubuta takarda a mayar da lakcar ƙasa zango mai zuwa, in zan sa hannu. Na ce zan sa, da hannuna. Rediyo ta karɓi jakata ta yi gaba, wai za ta nemo min ruwa, ni na san fili ta ba mu. A kwanar bene na biyu na samu Wakili tsaye ƙarƙashin fostar, idonsa ja. Wayata na ta kuka a aljihu, Gwaggo ce, na bar ta ta gaji.

"Ta Bakin Ƙofa, kin yafe min?"

Na jingina da bango. Ya yi abin da ba kowa zai iya ba, na sani, kuma ƙarfe biyu na jiransa. Amma ƙarya ɗaya ya goge, saura ta hoton da ya yanke.

"Fito da wayarka. Ja baya. Ƙara ja. Ɗauke ni daga sama har ƙasa."

"A haka? Bari ki goge fuska..."

"A haka."

Ya ɗauka. Na karɓa na duba: mayafi a karkace, goshi na naso, sanda a dama, ƙarfen ya leƙo ta ƙasan riga. Ni ce dai. Na miƙa masa.

"Tura wa mahaifiyarka."

Yatsansa ya yi ta shawagi a kan wayar har na fara gyara sanda zan wuce, sai ya danna. Muka tsura wa fuskar wayar ido mu biyu. Saƙon ya shiga. An buɗe. A sama aka nuna tana rubutu, ya ɓace, ya dawo, ya sake ɓacewa. Sai wayar ta ɗauki ƙara a hannunsa, sunan mahaifiyarsa ya cika fuskar.

Ya dube ni, ya dubi matakalar kamar mai neman inda zai keɓe.

"Nan za ka ɗauka," na ce. "Kuma ka buɗe muryar. Wannan karon da kunnena zan ji."